Allurar jabu da ruwan Tsibiri: wa ke ɗauke da alhakin lafiyarmu?

 Mun saba kawo muku darussa a kan abin da mutum zai yi da hannunsa domin ya tsare lafiyar gidansa, kamar wanke hannu, tace ruwa, kwana cikin gidan sauro da kai yaro awo. Darasin yau zai taɓo abin da ba ya hannunmu. Idan mace ta miƙa damtsen ɗanta ga ma'aikacin lafiya, ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba. Idan yarinya ta tara tulu a bakin famfo, ba ta san abin da ke cikin ruwan ba. Yarda kawai suka yi. To, wanda aka yarda da shi an ɗora masa amana, kuma mai riƙon amana ana tambayarsa. A sha'anin magani da ruwan sha, babbar mai riƙon amanar nan ita ce hukuma.

Za mu kawo muku abubuwan da suka faru da gaske, a ƙasarmu da kuma maƙwabta, domin mu gane inda ake samun ɓaraka da kuma ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa.

Shekarar sanƙarau

Dattawa ba su manta da shekarar 1995 ba. Daga watan Fabrairu zuwa Mayu na wannan shekara, an ƙidaya mutum wajen 41,000 da sanƙarau ya kama a Nijar, kuma dubbai sun rasu. Kun san lokacinsa: yana farawa da hunturu, ya tsananta cikin bazara, sa'ad da ƙura da zafi suka busar da hanci da maƙogwaro, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai da sanƙarewar wuya. Ga jariri kuwa, maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Cuta ce mai gaggawa, tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tashi ma, wani lokaci takan bar shi da kurumta.

A wannan shekara gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun tashi haiƙan, aka yi wa mutum wajen miliyan 5 allurar rigakafi. Cikin watan Maris, sai ga gudummawar allurar da za ta ishi mutum 88,000 daga maƙwabciyarmu Nijeriya. Kwalaben suna ɗauke da sunayen manyan kamfanonin magani biyu na Turai, wato Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. An karɓa da godiya, aka raba, aka fara yi wa jama'a.

Waɗanda suka fara lura da cewa akwai matsala su ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki tare da ma'aikatan lafiya na ƙasa. Allurar sanƙarau ta wancan zamani gari ce cikin ƙaramar kwalba, ana zuba mata ruwanta na musamman ta narke. Wannan kuwa ba ta narkewa yadda aka saba, kuma kamanninta sun bambanta. Aka aika da ita ɗakin bincike na kamfanin Pasteur Mérieux a Faransa. Amsa ta dawo: jabu ce, babu ko ƙwayar maganin rigakafi a ciki. Mugayen da suka yi ta sun kwaikwayi takardar jikin kwalbar, har da lambobinta. Aka bi sawu aka tattara kimanin 28,000 aka lalata. Amma kafin nan, an ƙiyasta cewa mutum wajen 60,000 sun riga sun karɓi allurar banza.

Mu tsaya nan mu yi tunani, domin a nan darasin yake. Illar wannan allura ita ce ta yaudari mutum. Wanda bai yi rigakafi ba ya san bai yi ba, yana cikin fargaba, da ya ji ciwon kai sai ya nufi likita. Wanda aka yi wa ta jabu kuwa ya saki jiki. In zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya ce ai ba sanƙarau ba ne, an yi masa allura. Kwana ɗaya da aka ɓata cikin wannan tunani ya isa ya raba uwa da ɗanta.

Laifin farko na masu yin jabun ne, wannan ba gardama. Amma ku duba doguwar hanyar da kwalbar ta biyo. Wani ya saye ta da sunan wata hukuma. Wani ya ƙetaro da ita iyaka. Wani ya sa hannu ya karɓa. Wani ya rubuta yawan da za a kai kowace jaha. Duk tsawon wannan tafiya ba a gano ta ba, sai da ta isa hannun masu yin allurar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganinmu, kasancewar abu kyauta ba ya ɗauke wa hukuma nauyin bincike, kuma gaggawar annoba ma ba ta ɗauke shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1996, aka kafa ɗakin binciken ƙasa mai suna LANSPEX a Yamai, wanda aikinsa ya haɗa da gwada ingancin magunguna, abinci da ruwan sha.

Abin bai tsaya a 1995 ba. A shekarar 2015 wani sabon nau'in sanƙarau, wanda likitoci ke kira nau'in C, ya ɓarke. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni an ƙidaya mutum wajen 8,500 da suka kamu, 573 suka rasu. Har makarantu aka rufe a Yamai cikin watan Afrilu. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka ruɗe, kowa na neman inda zai saya da kuɗinsa. Nan take ƴan jabu suka shigo kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan allurar sanƙarau ta jabu a Nijar a 2015, ta sake fitarwa a 2017, ta kuma sake a 2019. Wani abin da ya kamata a yaba shi ne, a 2019 ma'aikatar lafiya ta fito fili ta sanar da jama'a. Haka ake so. Hukumar da ta ga haɗari ta yi shela ta sauke wani ɓangare na nauyinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da ya faru a Kano

A 1996 annobar ta fi tsanani a arewacin Nijeriya, inda ta kashe mutum sama da dubu goma. Ana cikin haka, kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano domin gwada wani sabon magani, Trovan. An sa yara wajen 200 cikin gwajin. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, biyar daga ɓangaren farko, shida daga na biyu, wasu kuma sun nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran, ba maganinsa ba.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne yadda hukuma ta tafiyar da maganar. Wata jaridar Amurka ce ta tono zancen a ƙarshen shekarar 2000. Gwamnatin Nijeriya ta kafa kwamitin bincike, ya gama aikinsa a 2001, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006, shi ma jarida ce ta samo shi. Sai a 2007 gwamnatin jahar Kano da ta tarayya suka shigar da ƙara. A 2009 aka yi sulhu da jahar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi diyya a 2011. Ku lissafa da kanku: daga 1996 zuwa 2011 shekara 15 ke nan. Yaron da aka haifa a shekarar gwajin ya isa riƙe hauya kafin a biya mutum na farko.

Wannan jinkiri ya haifar da wata ɓarna. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano na tsawon watanni, saboda jita-jitar cewa an zuba mata wani abu. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, amma mutane da yawa sun gaskata ta domin suna tuna 1996. Shan inna ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Idan hukuma ta ɓoye gaskiya sau ɗaya, ranar da ta zo da gaskiyar ma sai an sha wuya kafin a saurare ta.

Ruwan Tsibiri

Yanzu mu dawo gida, cikin jaharmu ta Maraɗi. Tsibirin Gobir gari ne da kowa ya sani, kusa da birnin Maraɗi. A 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Jama'a suka yi murna, mata suka huta da ja da guga. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Ashe yana ɗauke da wani sinadari mai suna fuluwo, wanda ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙora, amma in ya yi yawa guba ne. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ya wuce miligiram 1.5 cikin lita ɗaya. Na Tsibiri ya ninka wannan sau uku, har fiye.

Wannan sinadari ba ya nuna kansa da wuri. Yana taruwa cikin ƙashi a hankali, kuma yaro mai girma shi ya fi cutuwa. Haƙora suka fara rinewa. Sannan aka fara ganin yara masu gwamammun ƙafafu, da ciwon gaɓoɓi, wasu ba sa iya tafiya. Ɗaruruwan yara suka nakasa, dubbai kuma abin ya taɓa su. Sama da shekara goma ana shan ruwan nan. Kamfanin ruwa na gwamnati na wancan lokaci, SNE, shi ke kula da shi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, ita ta tsaya wa iyayen, ta kai maganar gaban shari'a, kuma a 2002 ita da ƙungiyar FIDH ta duniya suka fitar da rahoto a kan yaran Tsibiri.

Ku lura da bambancin wannan da allurar 1995. A nan babu ɓarawo, babu mai jabu. Aikin alheri aka yi niyya. Abin da aka rasa shi ne awo a kan kari, da sauraron koke da wuri. Tafasa ruwa ba ya fitar da fuluwo, tacewa da ƙyalle ma ba ta fitar da shi, ido kuma ba ya ganinsa. Babu dabarar da uwa za ta yi a gidanta. Ɗakin bincike kaɗai ke iya gane shi, kuma ɗakin bincike ba na talaka ba ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Dakwaro da kwarin Tarka ruwa na da nisa a ƙarƙashin ƙasa, kuma kowane gari na fatan samun burtsatse ko famfo, domin mutane da dabbobi. Idan Allah ya kawo, mu yi murna, amma kwamitin ruwa ya nemi a nuna masa takardar awon ruwan, ya ajiye kwafinta, ya kuma tambayi lokacin da za a sake awo. Idan aka ga haƙoran yaran gari ɗaya suna rinewa ja ko ruwan ƙasa, su da yawa, a sanar da likita. Kada a ce gado ne a yi shiru.

Wa ke da wane aiki?

Mutum ba ya iya neman haƙƙinsa sai ya san a hannun wa yake. Aikin lafiya a ƙasarmu hawa hawa ne. A ƙasa akwai ɗan ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ake kira kaz. An gina irinsu da yawa tun daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu. Sama da shi akwai likitar karkara, wadda ake rubutawa CSI, mai shugabanta shi ne manjo. Sama da ita akwai asibitin gunduma a Dakwaro, inda babban likitan gunduma yake. Abin da ya gagari Dakwaro sai a tura shi Maraɗi, tafiyar sama da kilomita ɗari. Mace mai doguwar naƙuda da ta taso daga rugar da ke arewacin Rumbu ta san ma'anar wannan nisa fiye da mai zama ofis. Shi ya sa hanya mai kyau da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a cikinta su ma magani ne, kuma suna cikin abin da ake tambayar hukuma.

Magungunan likitocin gwamnati suna biyowa ta hanyar da doka ta tsara. Ma'aikatar ONPPC ce aka kafa domin sayo magani da rarraba shi, LANSPEX na gwadawa, hukumomin lafiya kuma su ke ba da izinin shigo da magani da buɗe farmasi. Allurar rigakafi tana buƙatar sanyi tun daga Yamai har ƙauye, cikin firji da akwatin ƙanƙara. In firji ya lalace aka bar shi, allura mai kyau ma tana iya zama ta banza.

Akwai kuma alƙawuran da shugabanni suka ɗauka da bakinsu. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda aka amince da ita a 1981 kuma Nijar ta sa hannu, ta ce a sashe na 16 wajibi ne gwamnatoci su kare lafiyar jama'arsu, su tabbatar mara lafiya ya samu kulawa. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Kaɗan ne daga cikinsu suka cika.

A gida, a 2005 aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Tsarin shi ne likita ta yi wa yaro magani ba tare da karɓar ko dala ba, ta rubuta, gwamnati ta biya ta daga baya. Iyaye mata sun amsa kira, yaran da ake kaiwa likita suka ƙaru ƙwarai. Amma biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru har biliyoyin sefa, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai suka nuna. Likitar da ba a biya ba, da me za ta sayo magani? Sai a rubuta wa uwa takarda a ce ta je ta saya. In ba ta da kuɗin farmasi, sai ta nufi mai tallan magani a kasuwa, wanda kafsonsa ya wuni cikin rana, ba a san daga ina ya fito ba. Kun ga yadda jinkirin da aka yi a ofis ya kai yaro ga maganin jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa cikin magunguna goma da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ɗaya jabu ne ko mara inganci. Makiyaya sun san irin wannan a maganin dabbobi ma.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, tare da mayar da haihuwa kyauta, daga ranar 1 ga Satumba. Labari ne mai daɗi. Abin da jama'a za su sa wa ido shi ne ko kuɗin da zai cike giɓin yana isowa likitar karkara a kan lokaci.

Kusa da mu kuwa akwai kwamitin kula da likita. Asalinsa daga taron Bamako ne na 1987, inda aka amince cewa jama'a su sa hannu cikin tafiyar da likitocinsu. Ƴan kwamitin mutanen gari ne. Aikinsu ne su san kuɗin da ya shigo, da maganin da aka sayo, da wanda ya ƙare, su kuma yi wa jama'a bayani. A wurare da yawa kwamitin ya zama suna kawai, domin waɗanda aka zaɓa ba su iya karanta littafin lissafi ba. To, ga ku kun iya. Ƙaramar hukuma ma tana da hannu a gini da gyaran likitoci da rijiyoyi. An fara zaɓen kansiloli a 2004. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe. Ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko naɗaɗɗe, nauyin yana nan a kanta.

Kada a guji allura

Muna jin tsoron kada wani ya karanta wannan darasi ya ce shi da allura har abada. Wannan kuskure ne babba. A 1995 ma, cikin mutum miliyan 5, waɗanda suka samu ta jabu ba su kai biyu cikin ɗari ba, sauran ta gaskiya suka samu. Daga 2010 aka fara yi wa masu shekara 1 zuwa 29 wata sabuwar allura mai suna MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar. Sanƙarau nau'in A, wanda shi ya yi ɓarnar 1995 da 1996, ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. A 2024 kuma aka fara amfani da wata mai kare mutum daga nau'i biyar. Allurar da ma'aikatan gwamnati ke yi a likita ko lokacin kamfe ita ce abin dogaro, kuma kyauta ce. Wadda za a guda ita ce ta cikin jaka, wadda wani ke yawo da ita yana sayarwa.

Amfanin karatunmu

Yanzu ku ɗauko kowane kwalin magani da ke gidanku ku duba. Za ku ga haruffa EXP ko PER, sai lambobi. Wannan ita ce ranar da maganin ke lalacewa. Idan an rubuta 03/2027, ma'ana yana da kyau har ƙarshen watan uku na shekarar 2027. Za ku kuma ga LOT da wata lamba. Ita ce lambar rukunin da aka yi maganin a cikinsa, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa garkensa. Da irin wannan lamba aka bi sawun allurar 1995 aka tattaro ta. Saboda haka kada a jefar da kwali sai magani ya ƙare.

A jikin kwalbar allurar rigakafi, ko a kan murfinta, sau da yawa akwai wani ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Alamar zafi ce. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, allurar na da kyau. In launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya taɓa ta, ba a amfani da ita. Sirinji kuma sabo ake buɗewa a gaban mutum, kowa da nasa. Ma'aikaci na gari ba ya jin haushin a tambaye shi cikin ladabi. Amma ku tuna, ƴan jabu sun iya kwaikwayon takarda. Karanta kwali yana tsare mu daga lalataccen magani. Abin da ke tsare mu daga jabu shi ne sanin inda aka samo shi.

Duk abin da aka yi wa yaro, a rubuta shi cikin karnensa na likita, da ranar da sunan maganin. Bayan allura, ɗan zazzaɓi da ciwon damtse na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in yaro ya suma, ko jiki ya kumbura, ko ya daina fitsari bayan shan wani maganin ruwa, a koma likita nan da nan, da kwalbar a hannu. Wannan alama ta daina fitsari ita aka gani a Gambiya a 2022, inda gurɓataccen maganin tari ya kashe yara wajen 70. Ma'aikacin lafiya yana da hanyar sanar da na sama da shi, kuma sanarwar mutum ɗaya tana iya tserar da gari.

Idan kuma matsala ta daɗe, kamar magani ya ƙare wata da watanni, ko ana karɓar kuɗi a inda doka ta ce kyauta ne, ko firji ya mutu, to a rubuta wasiƙa. Maganar baka iska ke tafiya da ita, takarda kuwa tana zama. A sa kwanan wata da sunan gari. A faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba ƙari, ba zagi. A faɗi tun yaushe, da mutum nawa abin ya shafa, da abin da ake roƙo a yi. Mutane da yawa su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. A yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya wurin mai gari. A fara kai wa shugaban kwamiti da manjo, domin sau da yawa shi ma manjon abin ya dame shi, kuma wasiƙar jama'a za ta ƙarfafa kukansa. In an yi wata guda shiru, a kai wa ƙaramar hukuma da babban likitan gunduma a Dakwaro, a ambaci ranar wasiƙar farko. In an karɓi kuɗi a likita, a nemi takardar shaidar biya, a haɗa da ita. Kada a ɗora wa wani laifi da suna sai da shaida.

A zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya zo da kwalin magani ɗaya daga gidansa, na mutum ko na dabba. Malami zai taimaka a nemo ranar lalacewarsa da lambar rukuninsa, a rubuta su a allo, a kuma faɗi inda aka saye shi. Ajin kuma ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je likita mafi kusa su tambayo sunayen ƴan kwamiti, da ranar da suka yi taro na ƙarshe, da ko an manna takardar farashi a inda kowa zai iya karantawa.